Shekarar da Ta Ɓace a Takarda

Ɗiyar yayata ta gama jami'a da daraja ta ɗaya a fannin labarin ƙasa, makinta ya haura 4.50 cikin 5. Wani yaro da suka yi aji ɗaya ya fita da daraja ta biyu ta sama. Dukansu suka nemi tallafin karatun digiri na biyu a Birtaniya, dukansu a fannin da ya shafi ruwa. Shi aka ɗauke shi tun neman farko. Ita kuwa shekara ta zagayo, wata ta sake zagayowa, amsar ba ta canza ba: an gode, masu nema sun yi yawa, ba a kai gare ki ba.

Wanda bai san harkar ba zai zaci gurbin ne mai wuya. Gurbi kam ta samu, ba sau ɗaya ba. Mai daraja ta ɗaya da wuya ya rasa jami'ar da za ta ce masa bismillah. Wuyar tana wajen kuɗi. Abin da ake karɓa a hannun ɗalibin waje a shekara guda yakan kai fam dubu 20 ko fiye, ban da masauki da abinci da kuɗin jirgi, kuma a zuri'armu babu wanda ya taɓa riƙe kwatankwacin wannan. Masu tallafin kuma ba sa faɗin dalilin ƙi. Inda ba a faɗi dalili ba, kowa sai ya kawo nasa. Mijin Yaya ya ce hanya ce, yaron yana da wani a sama. Wani ƙanenmu ya ce sunanta da lulluɓinta aka gani. Yaya ta ce baki ne, mutane sun cika zancen makin yarinyar. Da yake gyaran rubutu ne sana'ata, aka ce in duba. Na karɓa da zuciya ɗaya, don ni ma abin yana ci mini rai, kuma na san ruwa ba ya tsami banza.

Na fara da zancen hanya, tunda shi ya fi yawan magoya baya. Yaron ya riga ya je ya dawo, domin digiri na biyu a can shekara ɗaya ne. Na same shi a shagon mahaifinsa, tela ne mai ɗinkin kaftani. Ya ce, "Baba, wallahi ban san kowa ba. A wayata na cika fom ɗin." Ya yi mini bayanin yadda abin yake tafiya: ana cika komai ta intanet, masu karantawa su ba kowace amsa maki bisa ma'aunin da aka shimfiɗa musu, waɗanda suka yi sama a kira su ganawa. Cikin waɗanda suka tafi tare akwai 'yan mata daga Arewa da mayafansu, shi kansa kuma sunansa irin nata ne, jiharsu ɗaya. Zargi biyu suka faɗi a zama ɗaya. Kafin in tashi na roƙe shi kwafin abin da ya rubuta, ya tura mini ba tare da wata-wata ba.

Sai takardu. Mutane da dama a nan suke faɗuwa ba su sani ba: takardar makin darussa ba ta iso a kan lokaci ba, ko sunan da ke fasfo ya saɓa da na takardar WAEC da harafi ɗaya, ko an rufe shafin nema da agogon Landan mutum yana kallon nasa. Na bi nata ɗaya bayan ɗaya. Suna daidai. Jarrabawar IELTS ta wuce 6.5 da yawancin kwasa-kwasai ke nema. Ba ta taɓa makara ba. Nan ma babu komai.

Saura wasiƙun malamai. A nan na sa rai sosai, don na sha ganin wasiƙar shaida mai layi uku wadda ba ta ce komai ba illa ɗalibi yana da ladabi. Muka je wurin malamin da ya duba aikinta na shekarar ƙarshe. Ya karɓe mu da fara'a, ya buɗe kwamfuta ya nuna mini abin da yake aikawa. Wasiƙa ce mai kyau, cikakkiya. Kusa da ƙarshenta akwai jumla ɗaya da ta tsaya mini: ya ce bayan ta bar jami'a ta kawo masa littattafan awo da suka sa ya sake duba wani abu da yake koyarwa. Na dubi yarinyar, ta sunkuyar da kai. Malam yana da aji, muka yi sallama. A mota na tambaye ta waɗanne littattafai ne, ta ce, "Ba wani abu ba ne, Kawu, Malam ne da son yabo." Na bar zancen, amma na riƙe shi.

Abu ɗaya ya rage, takardar bayanin kai, wadda mai nema ke faɗin ko shi wane ne, me ya sa yake son wannan karatu, me zai yi da shi. Ita ce kaɗai a cikin tarin takardun da babu wanda ya zarga a gida, saboda kowa ya san yarinyar ta iya Turanci. Da na karanta, ni ma ban ga kuskuren nahawu ko ɗaya ba. Ta buɗe da maganar Mandela a kan ilimi. Ta ce tun tana ƙarama take ƙaunar ruwa. Ta ce Afirka na fuskantar sauyin yanayi, jami'ar da take nema ta shahara a duniya, ita mai ƙwazo ce mai son aiki da jama'a, kuma za ta dawo ta bauta wa ƙasarta. Komai sumul. Na kai ƙarshe ban ji na haɗu da kowa ba.

Don in tabbatar ba ni kaɗai ke jin haka ba, na je wurin Yaya da yamma na ce zan karanta mata wata takarda da Hausa, ban faɗi mai ita ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Allah sarki, Allah ya ba ta. 'Yar gidan wa ce?"

Na ce, "Yaya, taki ce."

Ta yi shiru, can ta ce, "Wannan ba ita ba ce."

Takardar da uwa ba ta gane 'yarta a ciki ba, yaya baƙo a wata ƙasa zai tuna da ita bayan ya karanta ɗaruruwa? Da na matsa, yarinyar ta faɗi asalinta. A wani zauren WhatsApp na masu neman tallafi aka raba samfurin, aka ce da shi wani ya ci, wani mai shagon kwamfuta kuma ya gyara mata shi ya sa sunanta da sunan kwas. Na ce ta karɓo na ƙawayenta biyu. Ɗaya mai neman lafiyar al'umma ce, ɗaya mai neman tattalin arziki, amma duk da Mandela suka buɗe, duk tun suna ƙanana suke ƙaunar fanninsu, duk da alkawari ɗaya suka rufe. Zanen aro ba ya rufe katara.

Na buɗe ta ɗan telan na ajiye a gefe. Turancinsa bai kai nata ba, har da 'yan tuntuɓe. Amma layin farko ya ambaci unguwa, ya ambaci rijiyar burtsatse, ya ce ya yi aiki da masu haƙa, shi ke rubuta zurfin da aka samu ruwa, kuma ya lura a unguwa ɗaya kowace sabuwar rijiya sai ta fi ta baya zurfi. Ya ce bai san ko yawan zuƙa ne ko ƙarancin abin da ke komawa ƙasa ba, kuma ba shi da ilimin da zai bambance. Wannan ilimin yake nema. Ko makaho aka karanta wa ya san da mutum yake magana.

Na ɗauka an gama. Na ce mata ga ɓarawon nan an kama. Sai ta ce, "Kawu, wannan ta shekarar farko ce. Ta bara ni na rubuta da hannuna, ban kwafi kowa ba. Ita ma an ƙi."

To fa. Ta kawo ta bara. Gaskiya ta faɗa, babu Mandela, babu zancen ƙuruciya, muryarta ce. Ta yi bayanin aikinta na shekarar ƙarshe a kan zaizayar ƙasa, ta yi bayanin inda ta yi bautar ƙasa, ta yi bayanin makarantar kuɗi da take koyarwa yanzu. Na lura da abu biyu. Na farko, duk inda aka zo wurin aiki sai ta ɓuya: an gudanar, an tattara, muka yi, ƙungiyarmu ta samu. Mai karatu ba zai iya nuna abu ɗaya ya ce wannan ita ta yi shi ba. Na biyu ya fi damuna. Takardar ba ta amsa tambayar da ta fi kowace nauyi ba: me ya sa ruwa? Aikinta na jami'a kan zaizaya ne, bautar ƙasarta a ofis, yanzu tana koyar da yara taswira. Babu inda ruwa ya shigo. Amma yarinyar da na sani, in aka taɓo zancen kogi a hira, sai an ce ta bari a ci abinci. Daga ina wannan ya fito, in ba ya cikin takarda?

Na ɗauko takardar tarihin aikinta na jera ranaku a gefen bayanin. Ta gama bautar ƙasa a watan Oktoba. Ta fara koyarwa a watan Afrilu, ba na shekarar da ta biyo ba, na wadda ke bin ta. Shekara ɗaya da rabi babu ita a ko'ina, ba a tarihin aiki ba, ba a bayanin kai ba. Mai tantancewa yana ganin irin wannan giɓi, kuma in ba a cike masa ba zai ɗauka zama aka yi.

Na ce, "'Yata, ina kika shiga a nan?"

"Jinya ce fa, Kawu. Ka manta lokacin da Kaka ta kwanta aka tura ni?"

Ban manta ba. Kakarta ta wajen uba tana wani ƙauye a yankin Guri, cikin Jigawa, kuma yarinyar ce marar aiki a lokacin, ita aka tura. Abin da ban taɓa tambaya ba shi ne me take yi da sauran wuninta in tsohuwa ta yi barci. Sai jumlar Malam ta dawo mini. A gabanta na kira shi na ce, "Ranka ya daɗe, littattafan awon nan da ka ambata, na mene ne?" Ya yi mamaki. Ya ce, "Au, ba ta sa zancen kacalla ba? To me take rubutawa duk shekarun nan?" Shi ya ɗauka tana ba da labarin a takardarta, shi ya sa ya taɓa shi da layi ɗaya kawai ya wuce. Ke nan masu tantancewa suna karanta malami yana yabon wani aiki, su juya takardar ɗalibar su tarar babu ko alamarsa.

Washegari ta kawo littattafan a cikin leda, irin na 'yan firamare masu layi, bangonsu ya sha ruwa ya bushe. Kafin in faɗi abin da ke ciki, sai an san wurin.

Dausayin Haɗejiya da Nguru yana tsakanin Jigawa da Yobe, inda ruwan kogin Haɗejiya da na Jama'are ke bazuwa cikin fadamu kafin ya tattaru ya bi kogin Yobe ya nufi Tafkin Chadi. A da, ruwa yakan zo da ƙarfi da damina ya malale ƙasa, da rani ya janye. Manomi ya yi shinkafa a cikin ruwa, ya bi sawun ruwa da wani amfanin in ya janye, masunci ya samu kifi, makiyayi ya samu ciyawa. Tsuntsaye daga Turai suna sauka a can lokacin hunturu, kuma a shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canza. Babbar ambaliyar damina ta ragu, a maimakonta ruwa ya riƙa gangarowa kaɗan-kaɗan har da rani. Wannan shi ne abin da ciyawar kacalla ke so, ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta cika mashigai, ta tare laka, laka ta toshe hanya. Ruwa ya rasa mafita ya kwanta a gonakin wasu, waɗanda ke ƙasa da su kuma su rasa na ban-ruwa. Tsuntsun janbaki ya samu wurin kwana a cikinta, ya fito da safe ya afka wa shinkafa da gero. Duk wanda ya zauna a yankin ya san wannan ba a littafi ba.

Mutanen ƙauyen sukan yi gayya, su shiga da lauje da kwale-kwale su sare ta don buɗe mashiga. Wani tsohon masunci ne ya gaya wa yarinyar cewa in za a sare, a sare a ƙarƙashin ruwa. Ta gane dalilin daga abin da ta karanta a jami'a: ta ganyenta kacalla ke kai iska zuwa saiwa, in kututturen ya nutse saiwar sai ta shaƙe. Amma ta ga wani abu da ya ɗaure mata kai. Mashigai biyu, gayya ɗaya, saran iri ɗaya, ɗaya ta zauna a buɗe, ɗaya kuma kafin wani lokaci ta koma kamar ba a taɓa ba. Sai ta samo gora, ta yi musu zane da fenti, ta kafa a wurare daban-daban. Kowace safiya bayan ta ba Kaka magani takan je ta rubuta inda ruwa ya tsaya, ta ƙirga sabon tofo. Shafi bayan shafi, kwanan wata, tsayin ruwa, yawan tofo. A hankali amsar ta fito a cikin lambobin: inda ruwa ya sauka bayan sara har kututture ya leƙo, wahalar ta tafi a banza, inda ya zauna a kansa, aikin ya ci. Saukar ruwan kuwa tana da nasaba da abin da ake saki daga sama, wanda babu mai sanar da ƙauyen. Ta kai wa shugaban ƙungiyar manoma littafin ta yi masa bayani. Gayya ta gaba suka jinkirta ta zuwa lokacin da gorar ta nuna ruwa na hawa, mashigar kuma ta daɗe a buɗe fiye da yadda suka saba.

Na rufe littafin na ce, "Wannan kika kira ba wani abu ba?"

Dalilanta uku ne, kuma ba na wasa ba ne, don na san da yawa daga 'ya'yanmu suna ɗauke da su. Ta ce ba aiki ba ne, tunda babu albashi, babu ofis, babu takarda mai hatimi. Ta ce Turawa manyan abubuwa suke son ji, ba gora da lauje ba. Na uku ta faɗe shi da ƙaramar murya: "Kawu, ilimin na tsohon nan ne, wahalar ta masu gayya ce. In na ce ni na yi, na ci haƙƙinsu. Kuma yabon kai jahilci ne."

Na farkon kuskure ne tsantsa, kuma ya ja mata asara. Tallafin Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ke bayarwa tun 1983, yana neman gogewar aiki ta shekara biyu, awa 2,800, amma a cikin lissafin ana karɓar aikin sa-kai da wanda ba a biya. Ita ba ta ma taɓa neman sa ba, don ta ɗauka ba ta cika sharaɗi ba. Na biyun ma juye yake. Hukumar tallafin ƙasashe rainon Ingila tana tambayar mai nema kai tsaye yadda karatunsa zai amfani ci gaban ƙasarsa da yadda za a auna amfanin. Wace amsa ta fi mashigar da ta zauna a buɗe? Sauyin yanayin Afirka kowa ya rubuta shi. Gorar nan ita kaɗai ke da ita.

Na ukun ne ya fi ɗaukar mu lokaci, kuma ban so in rushe shi ba, domin tarbiyya ce mai kyau, ni ma a cikinta na tashi. An koya mana kada mutum ya ce ni a gaban manya, musamman 'ya mace. Sai dai akwai bambanci tsakanin yabo da shaida. Takardarta ta farko, mai cewa ita mai ƙwazo ce mai hazaƙa, ita ce yabon kai, don siffofi ne ba hujja. Wanda ya ce na kafa gora, na auna, ga abin da na gani, bai yabi kansa ba, ya faɗi abin da ya faru ne. Na tuna mata Annabi Yusuf, Alaihis Salam, wanda da bakinsa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya faɗi cancantarsa, saboda akwai yunwa a gaba kuma ya san zai iya. Game da haƙƙin mutane kuwa, maganinsa ba ɓoyewa ba ne, rabawa ne daidai: a rubuta cewa masunci ne ya san dabarar sara, manoma ne suka sare, ita ce ta auna ta gano dalilin saɓanin. Ɓoye aikin ma ai ya binne sunan ƙauyen tare da nata. Wannan maganar ce ta shige ta.

Da muka zauna rubutu sai wata ƙaramar matsala ta ƙara fitowa. Takarda ɗaya take aika wa kowa, sunan jami'a kawai take canzawa, alhali wani kwas ɗin na tsara manufofin ruwa ne, wani na lissafin gudanarsa, wani na injiniya. Ko sunan takardar ba ɗaya ba ne a ko'ina: a Amurka sau da yawa biyu ake nema, ɗaya ta manufar karatu ɗaya ta tarihin mutum, masu tallafin DAAD na Jamus wasiƙar dalili suke so, Chevening kuma tambayoyi ne daban-daban, kowace da iyakar kalmominta. Na ce ta bar sunan jami'a tukuna, ta faɗa mini abin da ta kasa yi a ƙauyen. Ba ta yi jinkiri ba. Ta ce gorarta mashigai kaɗan take gani, dausayin kuwa ya fi ƙarfin ƙafa. Tana so ta san yadda kacalla ta bazu shekara bayan shekara, ta gwada shi da yadda ake sakin ruwa, amma ba ta iya sarrafa hotunan tauraron ɗan'adam ba, ba ta iya lissafin gudanar kogi a kwamfuta ba. Malam ya ƙara mata da cewa tauraron Landsat na farko ya tashi a 1972, shekara biyu kafin Tiga, kuma tun 2008 hotunan kyauta ne ga kowa. Wato tarihin dausayin yana ajiye, mai karanta shi ake jira. Da wannan ta koma ta bi jerin darussan kowane kwas, ta watsar da waɗanda ba sa koyar da abin nan biyu, ta rage kaɗan.

Sabuwar takardar da gora ta buɗe, da mashigai biyu da suka saɓa. Ta faɗi abin da masunci ya sani, abin da ita ta auna, abin da ƙungiya ta canza. Ta faɗi inda iyawarta ta tsaya, ta ambaci darussan da za su cike wurin da sunayensu, ta faɗi wanda za ta kai wa sakamakon in ta dawo, hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are da ƙungiyoyin manoman da ke ƙasa da madatsun. Jinyar Kaka ta samu jumla ɗaya, ba neman tausayi, don a san abin da ya kai ta wurin. Darajarta ta ɗaya ma jumla ɗaya, tunda tana cikin wasu takardun. Duk inda ta rubuta an yi, na tambaye ta wa ya yi, ta gyara da gaskiya, wani wurin ni, wani wurin su. Turancin ya fi na da sauƙi. Ta so ta zuba shi a manhajar nan mai rubuta wa mutane don ya ƙara kyau, na hana, domin wasu masu tallafin sun haramta haka a fili, kuma abin da manhajar za ta goge shi ne daidai abin da muka sha wuya muka tono. Shugaban ƙungiyar manoma ya rubuto takardar shaida da sa hannun mai gari, Malam kuma ya faɗaɗa jumlarsa ɗaya ta zama sakin layi.

Maki bai canza ba, IELTS bai canza ba, malamai su ne dai, suna da lulluɓi suna nan. A wannan karon aka kira ta ganawa. Ta ce da ƙyar aka taɓo jami'a; kusan duk zaman a kan kacalla aka yi shi. Sun tambaye ta wa ke yanke lokacin sakin ruwa, yaya ta shawo kan dattawa suka ɗage gayya alhali ita baƙuwa ce kuma yarinya, me za ta yi in hotunan sama suka ƙaryata gorarta. Ta ce musu in sun ƙaryata za ta koma ta sake aunawa, don manoma ba sa bukatar ta yi daidai, mashiga suke bukata.

An ba ta tallafin. Kafin ta tafi ta koma ƙauyen ta sabunta fentin gorar, ta koya wa wani ɗan sakandare yadda ake cika littafin, yana turo mata hoton shafi duk mako. Shugaban ƙungiyar ya kafa mata sharaɗi ɗaya, ta kuma amince: duk abin da ta gano, a rubuto musu shi da Hausa kafin gayyar baɗi.